Igiyar Da Na Tufka Wa Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da muka yi yasar rijiyar gidanmu ba, a wani ƙauye kusa da Likoro, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. Lokacin ina sabon magidanci mai ji da kai, wanda ba a isa a ce masa ya yi kuskure ba.

Ruwan rijiyar ya ja baya, laka ta cika ta, sai yayana ya ce zai shiga ya yashe ta. Ya so ya aro igiya a maƙwabta, ni kuwa na ce abin kunya ne, ga rama mun noma a bayan gida. Na yanke ta na jiƙa a kududdufi. Kwanaki kaɗan ake ba ta a ruwa a tsamo, amma aikin rake ya ɗauke mini hankali, ban waiwaye ta ba sai da ta yi kusan sati uku. Da na tsamo, ɓawon sai saluɓewa yake da kansa, ya yi baƙi-baƙi, ga ɗoyi. Wauta ta sa na yi murna wai aiki ya zo da sauƙi.

Ina zaune ina tufka, Inna, mahaifiyarmu, ta ɗauki sili ɗaya ta ja, ya tsinke a hannunta. Ta ce, "Wannan rama ta sha ruwa ta ruɓe. Ka zubar, ɗan nan."

Na ce, "Haba Inna, in aka haɗa su ai ƙarfi za su yi."

Ta yar da silin ta wuce. Da na gama, na taka bakin igiyar na finciko, sai ta katse a tsakiya. Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ƙulla wurin, na shafa masa laka don kada a gani.

Washegari da hantsi maƙwabta suka taru. Yaya ya karɓi igiyar ya bi ta da hannu, ya ɗan dube ni, sannan ya ɗaura a ƙugu ya yi bisimilla. Mu huɗu muke sassauta masa a hankali. Bai kai rabi ba na ji igiyar ta yi sakayau a hannuna. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarsa a kunnena, da salatin da Inna ta yi.

Da igiyar maƙwabtan da na raina aka fito da shi. Ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma Yaya bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba. Mutane suka ce ƙaddara ce, ni ma na bi su na ce haka, alhali raina ya san abin da na shafa wa laka. Na noma gonarsa, na ciyar da iyalinsa, duk da haka ban taɓa iya haɗa ido da shi ba.

Sai da muka yi furfura, wata rana ina gyara masa tabarma a zaure, na yi ƙarfin hali na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "Ai na ji ƙullin a hannuna tun kafin in shiga. Ban so in kunyata ka a gaban mutane ba ne."

Na yi kukan da ban yi ba ranar da ya faɗa. Tun daga nan na san cewa abin da ka yi da hannunka, in ya nuna aibi, ka warware shi ka sake, kada ka rufe. Ni dai duk igiyar da na tufka, sai na rataya ta a reshen tsamiya na ɗora mata nauyin jikina kafin in miƙa wa wani.