Ƙwai Mai Zanen Gawayi a Gonar Kajin Jidda

Asabar: daga Mahjar zuwa gona

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar unguwar Mahjar ta Jidda, inda na sauka a gidan 'yar gwaggonmu bayan na gama umra. Da can a unguwar Karantina suke, rusau ya watso su nan. Ɗanta Usama ne ya ɗauke ni, direban tasi mai 'ya'ya uku, haifaffen Jidda, wanda Hausarsa ke tafiya da sandar Larabci.

Ƙanena Sabi'u ne ya fitar da ni da wannan duhu. Shekara shida yana aiki a wata gonar kajin ƙwai a kudancin gari, kuma an ba shi mako guda: ko ya gyara ɗakin kajin da ke hannunsa, ko kafili, wato mai gidan da ya ɗauko shi, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar zaman ƙasa, a sako shi a jirgi.

Biyar da kwata muka wuce unguwar masana'antu. A wani gidan mai muka yi salla, muka karya da burodin tamis da wake, riyal shida. Gaba kaɗan sai shingen 'yan sanda. Ina gyara murya zan gaishe su, Usama ya ce, "Khala, uskuti, yi shiru don Allah. Larabcinki na Islamiyya ne, za su ɗauka wa'azi kike musu." Na miƙa fasfo na haɗiye gaisuwata.

A gona

Kilomita saba'in muka ci, muka isa bakwai saura minti goma. Kafin in ga ko gashin kaza sai da aka sa ni cikin farar riga da hula, aka tsoma ƙafafuna a ruwan magani. Ni da nake yanka kaza da hannuna, yau ni ake tsarkakewa don kada in ɓata mata rai.

Injiniyan gonar, wani Bamisire mai tumbi, ya yi bayani Usama yana fassarawa. Wai a ƙasashen Turai doka ta hana cusa kaji a matsattsen keji, kuma otal-otal ɗin da ke sayen ƙwansu sun ce su ma haka suke so. Don haka kowace kaza sai an ba ta sandar hawa, da rairayin birgima, da akwatin yin ƙwai mai labule. Labule fa. Haihuwata biyar a asibiti, sau biyu kacal na samu labule.

Matsalar ita ce kajin Sabi'u a keji suka tashi, ba su san akwati ba. Ƙasa suke zubar da ƙwan, ya ɓaci da kashi, wasu su fasa su shanye. Ya ɗauke su da hannu ya saka a akwati, sun fito. Ya zage su da Hausa, ya zage su da Larabci. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, na ji tausayinsa ya kama ni, amma sai da na yi dariya.

Na leƙa akwatunan, wayam. Na tambaye shi ina ƙwan da ake bar wa kaza ta gani. Ya ce ai umarni ne, duk awa a kwashe ƙwai kaf.

"Kai da Inna ta haifa?" na ce. "Ka taɓa ganin ta kwashe akurki tas? Ɗaya take bari, ta zana masa gawayi don kada a ɗauka. Kaza ba ta yin ƙwai inda ba ta ga an yi ba."

"Wallahi Yaya na manta," ya ce, yana sosa ƙeya.

Injiniya ya ce akwai na roba da ake sayarwa don haka, ya rubuta a kawo tun watan jiya, shiru. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mu gwada. Gawayi ya gagara a gonar, sai a bayan motar Usama aka samu na shisha, wanda ya rantse na wani fasinja ne. Muka dafa ƙwai a kicin ɗin ma'aikata don kada kajin su fasa, muka zana, muka bi akwatuna muna ajiyewa. A hanya na ga ɗakin kwanan su Sabi'u, su takwas a gado mai hawa biyu. Ban ga rairayin birgima ba. La'asar muka kamo hanya, magariba ta yi mana a Mahjar.

Alhamis: kasuwar Balad

Sha ɗaya da minti ashirin, ina cinikin dabino, Sabi'u ya kira. Kajin sun fara layi a bakin akwati kamar masu jiran banɗaki a Mina. Injiniya ya ce halas, magana ta ƙare, kafili ya sa hannu a sabon kwantiragi. Na yi guɗa a tsakiyar kasuwa, mai dabino ya ja da baya.

Juma'a: gida

Jirginmu ya tashi tara na safe, muka sauka Kano, mota ta kai ni Funtuwa bayan la'asar. Godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da mutanen Mahjar da suka riƙe ni, da fasinjan Usama, in har akwai shi.

Ɗakin Inna na fara shiga. Tana kan tabarma, idonta ya yi rauni sosai, da murya take gane mu yanzu. Na kwashe labari na ba ta, ina ƙara gishiri, ina jiran yabo. Ta bari na gama, sannan ta tambayi kwantiragin na shekara nawa ne. Na ce biyu.

Ta shafa bakin tabarma.

"Da na san abin da za ki yi da shi ke nan," ta ce, "da ban koya miki ba."