Mode Ɗan Dogo da Ƙarfen Ladan

Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta Lambara ba, amma muna da ɗan sandan jirgi namu na kanmu. Sunansa Mode, muna ce masa Ɗan Dogo. Shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron tasha, daga Ƙauran Namoda zuwa Gusau har Zariya, sannan ya tuɓe kaki ya dawo gida noman albasa. Albasar tasa dai sai a hankali.

Mode mutum ne mai son a tambaye shi, in ba a tambaya ba ma zai faɗa. Kullum bayan la'asar yana gindin dogon yaro yana lissafa mana ikon da yake da shi a da: ya binciki tarago, ya sauko da masu hawa rufin jirgi, ya kama ɓarawon kayan fasinja ya miƙa shi kotu. Amma wanda ya fi tsana shi ne mai satar ƙarfen layin dogo. Ya ce ya taɓa ganin tarago a kife saboda ƙarfe ɗaya da aka kwance, kuma da hannunsa ya ɗauko gawar wata mata. In ya zo nan muryarsa kan canza.

Mu labari muke ji. Ladan maƙeri kuwa, abokinsa tun suna yara, shi abin ya shafa kai tsaye. Ƙarfen da yake dukan ƙira a kai guntun layin dogo ne, kamu biyu, gadon mahaifinsa. Ba wanda ya san inda tsohon ya samo shi.

Sai Ladan ya rufe maƙera, wai ciwon baya. Ga damina ta ƙarato, garemani sun dakushe, mutane na ta zarya har Shagari neman maƙeri. Majalisa ma Ladan ya daina zuwa. In ya hango Mode, sai ya karya kwana. Wannan ya yi wa Mode ciwo ƙwarai, don ba shi da aminin da ya wuce Ladan. Inno, matar Mode, ita ta jiyo dalili wajen mata ta gaya masa.

Da safe Mode ya yi sallama gidan Ladan, ina biye da shi don ban iya barin abu ya wuce ni.

"Malam Ladan, hiddo min ƙarhen ga in gani."

Ladan ya tono shi daga ƙarƙashin rumbu, inda ya binne shi. Mode ya durƙusa ya share ƙasar, ya daɗe yana shafa inda guduma ta lotsa shi.

"Maishe shi maƙera," ya ce. "Ikona ya tsaya bakin layi, kuma na aje shi tare da kaki."

Ladan bai saki jiki ba. "To da kana cikin kakin hwa?"

Na so Mode ya yi ƙarya, wallahi na so. Amma ba halinsa ba ne.

"Da na tahi da kai, Ladan. Shi ya sa nika gode ma Allah da ban gane shi ba sai yau."

Ladan ya dube shi, ya gyaɗa kai. Su biyu suka kinkimi ƙarfen, suna nishi, suka nufi maƙera.