Bokitin Da Ban Zubar Ba

Har yau ban manta da ranar Larabar nan ba, kwana uku bayan babbar Sallah, da aka kawo mana Sagiru Katanga kansa na zubar jini. Sista Binta ce ta ce in rubuta labarin saboda sababbin atenda da aka ɗauka bana. Na ce mata karatuna a aji shida ya tsaya, sai Islamiyya. Ta ce in rubuta yadda nake faɗa da baki. To ga shi.

Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, ƙaramin asibiti ne a ƙasar Kusada. A sama akwai incaj, shi ke sa hannu a sallami mara lafiya ko a tura shi babban asibiti. Ƙarƙashinsa akwai nas, sai masu ba da kati da magani. Can ƙasa mu ne atenda: shara, goge daɓe, wankin zanen gado, kwashe bokiti. Ranar da na fara aiki doka ɗaya Sista ta ba ni. Ta ce duk abin da ya fita daga jikin mara lafiya, amai ne, fitsari ne, jini ne, kada in zubar sai na nuna wa nas. A lokacin ban ga amfanin abin ba. Wa yake so a riƙa kawo masa amai gaban tebur?

Sagiru ɗan garin Kaikai ne. Ni ban san ƙwallo ba, amma mijina, Baban Hafsa, ya sa na haddace tarihinsa kamar ni na yi goyonsa. Ya fara a wata ƙaramar ƙungiya a Kankia yana tsaron baya, wato shi ke tare masu zuwa su ci gida. Daga nan wata babbar ƙungiya ta gasar ƙasa ta ɗauke shi, daga can sai ƙasar Larabawa. Tsalle da sa kai su ne aikinsa, shi ya sa ake ce masa Katanga. Ya sa rigar ƙasa 'yan lokuta, sai gwiwa ta ba shi matsala, aka yi shekaru ba a neme shi ba. A Sallar nan yana gida hutu aka bugo masa waya cewa an sake kiransa, ya isa sansanin horo a Abuja ranar Juma'a. Ya haura shekara talatin. Ko ni na gane cewa in wannan kira ya wuce shi, ba wani.

Sai dai a wurinmu ɗan ƙwallon da ya zo gida Sallah ba ya ƙin shiga wasan samarin gari. In ya ƙi, sai a ce ƙasar waje ta sa masa girman kai. Ya ce zai shiga minti goma kawai, a filin firamare, bayan la'asar. Aka bugo kwana, wato ƙwallo daga kusurwar fili, ya tashi sama, wani saurayi ma ya tashi, kawuna suka gwaru.

Wajen ƙarfe biyar suka iso da shi a bayan babur. Da ƙafarsa ya shigo, yana ta dariya yana cewa ya sha wanda ya fi wannan a hannun Larabawa. Rabin gari na biye da shi, har da Baban Hafsa, wanda na hango ta taga yana ɗaga wuya. Incaj ɗinmu na lokacin, Malam Lawal, da kansa ya yi ɗinkin, a gefen kai sama da kunne. Ya gwada jininsa, ya tambaye shi ko ya suma, ya ce a'a. Malam Lawal ya rubuta sallama, ya ce ya ɗan huta a gado minti ashirin, shi zai je ya sako farar rigarsa mai tsabta su ɗauki hoto. Sista tana can ɗakin mata da wata mai naƙuda. Aka bar ni ni kaɗai ina goge jinin da ya ɗiga a daɓe, da Nana a bayana, lokacin tana wata bakwai.

Yana kwance ya dubi goyona ya tambayi sunanta. Na ce Nana. Ya ce Allah ya raya. Na kai tsumma ƙofa na dawo, ya sake tambaya. Na ɗauka bai ji ba saboda hayaniyar waje, na sake faɗa. Da na matso in goge ƙarƙashin gado sai ya ce, "Ƙanwata, wagga yarinya taki, yaya sunanta?" Da murmushinsa, kamar bai taɓa tambaya ba.

Nan na tuna da wata maganar Sista. Shekara biyu kafin nan babbar ɗiyata Hafsa ta faɗo daga amalanke, kanta ya bugu. Sista ta ce in kula da abu uku: amai, yawan barci, da ruɗewa. Allah ya sa ba abin da ya same ta, amma tun daga ranar nake maimaita ukun nan kamar addu'a. Ko ƙofa yarinya ta buga sai na tsare ta da tambayoyi. Baban Hafsa har cewa yake wata rana tsorona ne zai kwantar da yaran, ba ciwo ba.

Ban gama tunani ba Sagiru ya yunƙura. Na tura masa bokiti, ya yi amai mai ƙarfi, ya huta, ya sake. Ya goge baki da bayan hannu, ya dubi labule, ya rage murya. Ya ce naman Sallah ne ya yi masa yawa. Ya ce in zubar a bayan gida in wanke bokitin, kada in faɗa wa kowa. Ya ce in aka rubuta amai a katinsa za a tura shi Katsina, in aka tura shi Katsina labari zai kai Abuja, kuma masu jiran lambar rigarsa suna da yawa. Shekara nawa yana jiran wayar nan, ya ce, kada bokiti ya raba shi da ita. Bai yi mini tsawa ba. Roƙona ya yi, kuma wallahi da tsawar ya yi da ta fi mini sauƙi.

Na ɗauki bokitin na fita. Daga ƙofar ɗakin, hagu ne hanyar ramin da muke zubarwa, dama teburin nas. Na yi hagu. Ba zan ɓoye muku ba, na yi taku kusan goma. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, incaj ya riga ya sa hannu, ga mutanen gari, ga mijina a cikinsu. Ina tafiya ina ce wa kaina ni wace ce. Sai Nana ta motsa a bayana, na tuna sau uku ya tambayi sunanta. Na juya.

Na tarar da Sista tana wanke hannu. Na ajiye bokitin a gabanta na ce na gado na biyu ne, sau biyu ya yi, kuma yana maimaita tambaya ɗaya. Ta ɗauki ƙaramar tocila ta shiga, ta haska masa ido ɗaya, ta haska ɗayan, ta sake. Ta tambaye shi yau wace rana, ya ce ranar Sallah. Ta tambaye shi wa ya kawo shi, ya kasa tunawa.

Malam Lawal ya shigo da farar rigarsa, wayarsa a hannu. Da ya ji yadda aka yi sai ya dube ni ya ce yanzu atenda ce za ta koya masa aiki? Sista ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ita ba ce, bokiti ne. Ga tocila, duba idon hagu." Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa wayar a aljihu, ya yage takardar sallama, ya zauna ya rubuta ta turawa. Ya ce a nemo mota yanzu, kada a ba shi ko ruwa, kuma Sista ta bi su. In faɗi gaskiya, daga nan Malam Lawal bai ɓata ko minti ɗaya ba.

Da za a fita da shi, Sagiru ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ƙanwata, kin san abin da kika yi kuwa?"

Na ce, "Na kai bokiti inda aka ce in riƙa kaiwa."

Kafin magariba motar ta kama hanyar Katsina. Washegari Sista ta dawo ta ce hoton kai ya nuna jini na taruwa a ciki, an yi masa aiki. Likitan ya ce mata da gida ya koma ya kwanta, ba lallai ya tashi ba. Ranar Juma'a aka kira wani a madadinsa. Ba a sake kiransa ba. Ya koma ƙungiyarsa bayan wata da watanni, ya ɗan taɓa, ya ajiye takalmi ya dawo gida.

A gari ba kowa ne ya gode mini ba. Na je ɗibar ruwa na ji wata na nuna ni tana cewa waccan ce ta hana Katanga zuwa Abuja. Baban Hafsa ya yi kwana biyu yana cin tuwo ba ya ɗaga kai. Rana ta uku ya ce, to in da Hafsa ce fa, haka zai so a yi mata. Da wannan ya rufe maganar, kuma a wurinsa wannan ban haƙuri ne.

Bayan shekara guda Sagiru ya kawo matarsa da jaririnsu allurar rigakafi. Na gan shi a layi, da tabo sama da kunne inda gashi bai fito ba. Na so in shige ɗakin wanki, sai ya kira ni. Muka gaisa. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, har yanzu in 'yan ƙasa suka fito fili ana taken ƙasa, tashi yake daga gaban talabijin. Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce Sista ta ba shi labarin duk abin da ya faru, amma shi daga tsallen da ya yi sai farkawa a Katsina. Bai tuna bokiti ba, bai tuna ya roƙe ni ba. Sai ya dubi Nana, tana riƙe da zanena, ya ce an ce sau uku ya tambayi sunanta, in taimaka in faɗa masa na huɗu, wannan karon zai riƙe.

Abin da nake so ku ɗauka, ku sababbi, shi ne wannan. Mara lafiya yana gyara fuska in ya ga incaj, yana gyara magana in ya ga nas. Mu ba ya ɓoye mana, don bai ɗauke mu komai ba. Saboda haka mu muke ganin abin da babu a kati. Za a roƙe ku, wani lokaci babban mutum ne zai roƙa, kuma dalilinsa zai ba ku tausayi. Ku tausaya masa, amma in kun fito ƙofa da bokiti, ku yi dama.