Baba Ilu, Mai Riƙe wa Masu Yasar Rijiya Igiya

A da, da hantsi za ka ga Baba Ilu a lungunan unguwar Kabara, igiya naɗe a kafaɗa, yana bin bayan masu yasar rijiya. Shi ba ya shiga. Nasa shi ne ya tsaya a baki, ya riƙe igiyar da aka ɗaura wa mai sauka a ƙugu, yana kiran sunansa jefi-jefi, na ciki yana amsawa. Masu wannan sana'a ba su da inshora. Wani ma'aikacin kamfanin inshora da suka taɓa tuntuɓa, da ya ji irin aikin sai ya ce zai dawo, har yau ana jiransa. In mutum ya rasu a ƙasa, iyalinsa sai dai ta'aziyya.

Bara waccan Hajiya Nana Khadija ta kira su tsohon gidan gadonsu, inda wata rijiya take rufe tun zamanin kakanta. Muttaka, magidanci mai iyali, shi ya sauka.

"Muttaka!"

"Lafiya lau, Baba."

An jima ana haka, sai kawai Baba Ilu ya kafa ƙafa ya fara ja.

"Haba Baba Ilu, ai yana amsa maka," in ji Hajiya.

"Hajiya, murya na amsawa, amma igiyar ta daina motsi. Jama'a, ku kama mini!"

Maƙwabta suka kama. Muttaka ya fito a sume, wuya a langaɓe, leɓɓansa sun yi baƙi. Ana cikin yayyafa masa ruwa, ba wanda ya kira kowa, sai daga ƙasan rijiyar aka ji:

"Lafiya lau, Baba."

Ban kasance a wurin ba, amma duk wanda ya ba ni labarin, a nan yake rage murya. Likita ya ce gurɓatacciyar iska ce ta kayar da Muttaka. Kan muryar bai ce komai ba. Ranar aka rufe rijiyar da siminti.

Yanzu tsufa ya sa hannun Baba Ilu ya fara rawa, ya ajiye aiki. Baba, kai ne ka yarda da hannunka ranar da kunnen kowa ya ruɗe shi. Saboda kai 'ya'yan Muttaka suke da uba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma matasa, ku je ku koyi riƙon igiyar nan tun yana raye. Har yanzu akwai rijiyoyin da ba a buɗe ba a birnin nan.