Maccido Wanzami da Haƙorin Ummu

A shekarun da Turawan Ingila da na Faransa suka gama kafa alamun iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, akwai wani wanzami a bakin kasuwar Illela ana ce masa Maccido. Gajere ne, mai ƙaramar murya, ga zabira da ta tsufa har ta yi baƙi. Aski yake yi, da ƙaho, da cire beli, kamar kowane wanzami. Abin da ya raba shi da sauran shi ne, duk yaron da aka kawo masa aski, sai ya gama ya ce, "To, buɗe baki mu gaisa da mutanen gida."

Dalili kuwa a bakinsa yake. Haƙoran Maccido sun hau juna kamar dangar da awaki suka ture, nama ma sai an yayyanka masa. Yakan ce da an duba bakinsa yana ɗan shekara bakwai, da ba haka ba. Don haka ya sa ido a kan lokacin famfara, lokacin da haƙoran yarinta ke zubewa na girma su fito. Shekara da shekaru yana kallo, har ya gane cewa sabon haƙori tun yana ɗanye ana iya nuna masa hanya. In ya yi ƙwari kuwa, sai haƙuri. Mata daga Lafani da Tozai sukan zo da 'ya'yansu ranar kasuwa don wannan kawai.

A damina ta tara bayan shigar Nasara Sakkwato, wata tsohuwa mai suna Lubabatu ta jawo jikarta Ummu zuwa rumfarsa. Uban yarinyar, Mukhtari, ya tafi fatauci hayin Faransa, ya bar ta hannun kaka.

"Sarkin aska, dubo min ɗiyar ga," in ji Lubabatu. "Wata guda ke nan ba ta dariya, ba ta cin goruba, magana ma ta hanci. Ko an yi mata baki na?"

Maccido ya durƙusa. "Amaryata, mi na yi miki? Ko kin samu wani mai haƙora ya hi ni?"

Ummu ta matse leɓe, ta ɗaga ido sama. Maccido ya bi idonta, sai ga ƙadangare jangwala a kan azarar rumfa yana gyaɗa kai. Nan ya gane. Kowa a garin ya san maganar: in ƙadangare ya ga giɓin yaro, haƙori ba zai sake fitowa ba har abada. Ya tashi ya kore shi da hula, ya yafa wa yarinyar zanen aski a kai, ya leƙa ciki.

Haƙorin yarinta na sama, na gaba, yana lilo amma bai faɗi ba. Ummu ce ta hana shi. Tun da ya fara motsi ta daina tauna da shi, kullum tana mayar da shi gurbinsa da yatsa, don kada giɓi ya bayyana. Sabon kuwa da ya ga an tare masa ƙofa, sai ya ɓullo ta baya, wajen ganɗa. In ta rufe baki, bayan haƙoran ƙasa yake faɗawa, maimakon gabansu.

"Inna," ya ce, "ba baki ba na. Tsohon ya ƙi tashi, baƙo ya shigo ta bayan gida. In ba a hidda tsohon yau ba, aka turo sabon gaba kahin ya yi ƙwari, to, dubi bakina ki ga na jikarki."

Ya yashe mata baki. Lubabatu ta ja da baya. "A'uzubillahi! Ruhe, na gani."

Amma da ta ji maganar cirewa sai ta kafe. Gidansu, in ji ta, ƙadangaru sun fi kaji yawa.

Maccido bai yi mata gardama ba, don ya san ba a kayar da tsohuwa a kan abin da ta ji daga kakarta. "Inna, mi ƙadangare ka hanawa?"

"Hitowar haƙori."

"To sa yatsa ki ji. Ai ya riga ya hito. An bar shi da gyaɗa kai."

Ta sa yatsa, ta ji tsinin sabon haƙori. Can ta ce, "Duk da haka ni ban yarda da su ba." Kafin ta ƙara wata magana, Maccido ya ɗaura zare ya fizge. Ummu ba ta ankara ba sai da ta ga haƙorin a tafin hannunsa, ɗan ƙarami kamar ƙwayar dawa.

Sauran aikin ya fi wuya. Ya fere ɗan icce ya yi shi falale, faɗin ƙaramin yatsa, ya goge shi da yashi har ya yi santsi. Ya nuna wa Ummu yadda za ta sa kansa a bayan sabon haƙorin, ta jingina shi a kan haƙoran ƙasa, ta danna gindin zuwa haɓa a hankali, don ya riƙa turo haƙorin gaba. Bayan kowace salla, tsawon jan carbi biyu. "Ba da ƙarhi ba," ya ce. "Rarrashi na, ba kokawa ba."

Wannan aiki kuwa ba ya yiwuwa sai baki a buɗe. Don haka sau biyar a rana makwabta suka riƙa ganin abin kallo: Ummu zaune a kan turmi da icce a baki, Lubabatu tsaye a kanta, carbi a hannun dama, karan dawa a hagu, tana jan tasbihi tana kai wa bango duka. "Subhanallah, Subhanallah, kai, ɗan banza, bar nan! Subhanallah." In ta ɓata lissafi sai ta koma farko, abin da Maccido ya ce ya yi wa haƙorin amfani ƙwarai.

Ranar kasuwa ta farko ba a ga canji ba. Ta biyu, haƙorin ya zo kai da kai da na ƙasa, har Ummu ta kasa haɗa baki sosai, ta koma kunu da fura. Lubabatu ta ɗaga murya a gaban jama'a: "Ka ɓata min ɗiya, wanzamin banza! Da can aƙalla tana cin tuwo. Mi zan ce wa ubanta?"

Maccido kansa bai taɓa gwada iccen a kan haƙorin da ya shige ciki haka ba. Amma ya daure. "Inna, mai hawan katanga a samanta ya hi shan wuya. A ƙara min kwana biyar."

Ba a kai biyar ɗin ba. Kwana goma sha bakwai da cire haƙorin, da hantsi, yana tsakar yi wa wani ɗan Tozai aski, sai ga kaka da jika. Ummu ta tsaya gabansa ta haɗa haƙora, ƙas. Na sama ya sauko a gaban na ƙasa, daidai da ɗan'uwansa. Maccido ya ajiye aska, ya sa ta buɗe ta rufe har sau bakwai.

Lubabatu ta dire masa ƙwaryar fura. "Ka yi ƙoƙari, ba laihi. To, tun da ka iya, buɗa mata 'yar wushirya a tsakiya mana, ta yi kyau."

"Inna," in ji Maccido, "ɗauki jikarki ku tahi. Mutum na nan zaune da rabin kai."