Likita Sha'ibu, Ni Ne Na Ɓuya a Bayan Rumbu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga Maris 1995, ina cikin aji a lakwal ɗinmu ta Tsibiri aka leƙo aka ce mini Likita Sha'ibu Maidawa, likitan haƙori na Maraɗi, ya rasu. Sanƙarau ɗin nan da ke ta ɗibar mutane bana ne ya ɗauke shi cikin kwana uku. Na ajiye alli, na kasa ƙarasa darasin.

Likita, bara na fara zuwa wurinka da ciwon turmi. Lokacin ana yajin aiki, makarantu a rufe, mu malamai sai zaman gindin bedi da gardamar jam'iyyu, ni kuwa taba gari da kanwa ba ta barin kumatuna. Ka cire haƙorin, amma ba ka sallame ni ba. Ka miƙo mini ɗan madubinka, ka nuna mini wani farin tabo a cikin kuncina, daidai inda nake dasa tabar shekara goma sha tara. Ka kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ka ce, “Mushe Tanimu, haƙori an cire, ya wuce. Abin ga shi ne ba ni so.”

Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka tambaye ni yaushe na fi jin ƙawarta, na ce bayan tuwo. Ka ce in riƙa tauna asuwaki a lokacin, in dawo duk wata ka duba tabon. Haka ka yi da direbobin tasha, haka ka yi da tsofaffin Jiratawa masu goga fure a haƙora, kana zolayarsu har su yarda. Magani ya yi tsada, kayan aiki sun ƙare, amma ba ka taɓa rufe ƙofarka ba.

Wata huɗu na riƙe, sannan na koma wa tabar. Da na zo randebu, ranar da ka sa mini, na rantse maka na bari, sai ka yi murmushi ka ce, “Kai ka ce ka bari, dasashinka ya ce a'a. Wa za ni ɗauka?” Kunya ta kama ni, ban sake zuwa ba. Ka aiko sau biyu, na yi kunnen ƙashi.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Wata guda kafin rasuwarka ka hau babur ɗinka cikin zafin rana ka zo har Tsibiri nemana. Ina jin sallamarka na zagaya bayan rumbu, ƙato da ni, malamin makaranta, baki cike da taba. Na sa matata Tasalla ta ce maka ba na nan. Na ji ka ce, “Ba komi, a gaishe shi.” Muryarka ta ƙarshe da na ji ke nan, kuma ni na zaɓi in ji ta daga maɓoya.

Da na je gaisuwa unguwar Zariya a Maraɗi, mai ɗakinka Hajiya Saudatu ta ba ni ambulan da sunana a kai. Takarda ce ka rubuta wa wani likita a Yamai, kana roƙonsa ya yanki ɗan nama daga tabon a gwada, kada a jinkirta. Ita ka kawo mini ran nan. Tabon ya faɗaɗa, yanzu yaji ma ba na iya ci, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Yau kwanana tara ban taɓa taba ba, ban kuma san ko na makara ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Saudatu da yara da dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku yafe mini a madadinsa, ku sa ni cikin addu'a. Jibi Asabar zan shiga motar Yamai.