Hoton Kaza daga Kan Tirela

Sana'ata ɗaukar hoton fasfo ce. Shagona yana Jibiya, a bakin titin da ya nufi bodar Magama, kuma yawancin masu zama a kujerata matafiya ne masu sauri: a gyara hula, a ɗaga haɓa, kada a yi dariya. A shekarar da aka rufe boda kujerar ta koma wurin barcin kyanwar maƙwabta. Tireloli suka yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, ni kuma na rasa abin yi.

Cikin wannan zaman ne na ga bidiyon wani mutum a waya yana ɗaukar hoton taurari da kyamara irin tawa. Tarin taurarin da ya ɗauka na san su tun ina yaro, Kaza da 'ya'yanta ce, wadda ke fitowa ta gabas bayan isha'i idan kaka ta yi. A hotonsa shuɗaye ne, kamar an wanke su. Na ce in dai kyamara ce, ai muna da ita.

Na fita bayan shago, na ɗaga kyamara da hannu na latsa. Da na kai gida na nuna wa matata, ta juya hoton sama da ƙasa.

"Maigida, wannan taliya ce ta zube, ko tsutsa ce?"

Hannuna ne ke rawa, ga kuma ƙwan lantarkin mai shayi ya cika wurin da haske. Ƙafar kyamarar da nake da ita ta shago ce, ba ta san kallon sama ba.

A teburin mai shayin na saba da wani dattijon direba, mutumin Maraɗi, wanda ya maƙale da lodin siminti. Da ya ji kukana sai ya ce, "Mai hoto, mi za ya hana ka hau bisa kamyona? Can ba haske, ba jama'a."

Motarsa tana can ƙarshen layi, nesa da fitilu. Muka hau bayan isha'i, ya ɗauko ɗan buhun geron da yake dama kunu da shi, muka kwantar da kyamarar a kai tana kallon gabas. Taliya ta ragu, amma taurarin suka fito kamar ƙullin auduga. Kyamarata ta saba da fuskoki, in ba ta ga hanci da idanu ba sai ta yi ta neme-neme. Na hana ta saita kanta, na riƙa murza gilashin da hannu ina duban jar fitilar wani dogon ƙarfen sabis da ke nesa, har ta zama ɗigo ɗaya tsaf. Na kuma gano cewa latsawar ma girgiza ce, don haka na sa ta riƙa jira kaɗan bayan na ɗauke yatsa.

Saura matsala ɗaya, ita ce mai motar. Ba ya iya zama shiru. Ya sosa ƙafa, ya juya ya gaida wani a ƙasa, motar kuwa duk ta amsa.

"Alhaji, in ka motsa, Kaza ma motsawa take yi."

"To, ni ma ɗauka ta za ka yi?"

Ya miƙe wuya ya ƙame, yana magana ta gefen baki.

Wata rana na bar idon kyamarar a buɗe ya daɗe, don in tara haske da yawa, sai kowane tauraro ya fito da wutsiya. Ashe sama tafiya take yi, ba ta jiran mai hoto. Na koma bidiyon, na ga dabarar ita ce a ɗauki gajeru masu yawa, a haɗa su wuri ɗaya a kwamfuta.

Muna cikin ɗaukar gajerun nan ne tocila ta haske mu. Wani jami'in boda ne, yana tambayar me muke ɗauka a kan mota da duhu. Tambaya ce mai kyau a wuri irin namu.

"Ranka ya daɗe, Kaza muke ɗauka," in ji ni.

Bai yi dariya ba. Ya hau da kansa, ya karɓi kyamarar, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, baƙi da ɗige-ɗige, baƙi da ɗige-ɗige. Alhaji ya nuna masa sama da haɓa. Jami'in ya dubi sama, ya dubi kyamara, ya kashe tocilarsa.

"A ido kamar 'yan kaɗan ne. Duk waɗannan 'ya'yanta ne?"

Ya zauna a kan siminti har muka gama. Da wani mai babur ya taho da fitila a kunne, shi ne ya leƙa ya roƙe shi ya kashe ta.

Washegari tsohuwar kwamfutata ta yi ta gurnani kafin ta haɗa hotunan. Hoton bai kai na bidiyon ba, amma Kaza ta fito da 'ya'ya birjik, manyan har da ɗan shuɗi. Takardar fasfo kaɗai gare ni, a kanta na wanke. Jami'in ya sa nasa a aljihun kaki, Alhaji ya liƙa nasa kusa da madubin mota.

Da aka buɗe boda ina shago, layin masu hoto ya dawo, ban ma ga wucewar Alhaji ba. Bayan kwanaki ya aiko mini da saƙon murya, ana jin ƙarar inji a bayansa. Ya ce ƙauyensu ya fi Jibiya duhu, in zo da kyamara, gero kuma akwai. Har yanzu ban je ba, amma na yi masa alkawarin kaka mai zuwa.